Ranar da Na Ce Ɗan Hansai Ne

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga Alsawra, Umdurman.

Zuwa ga angona Muzammil, mijin da bai taɓa kawo cefane ba.

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen gidan kawunka a Hajj Yusuf. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kai ka lafiya jibi, ya dawo mana da kai ba ko ƙwarzane.

Ga guzuri nan na ba mai raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, ya kawo maka, dabino ne da soyayyar gyaɗa, takardar kuma tana ƙarƙashin dabinon. Na san kana dariya, wai tsohuwa ga waya a hannunta amma ta zauna zana ajami kamar mai rubutun sha. Yi dariyarka. Akwai maganar da ba a yin ta a waya a ƙasar nan, kai ma ka sani, akwai kuma wadda in ina kallon idonka ba za ta fito ba. Karatuna na allo ne, sai 'yan watannin da na yi a ajin manya, saboda haka in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka. Kada ka kai wa kowa ya karanta maka. Hausarka ta 'yan birni ce, rabi Larabci rabi in'ina, amma za ta ishe ka.

Ka ji abin da uwarka Rakiya ta faɗa a waya. Ƙafafun ubanka sun kumbura har gwiwa, ba ya iya kwanciya sai a jingine, kuma mai ɗakin magani na ƙauyen ya ce ba aikinsa ba ne, sai babban asibiti a Hartum, kada a jira. Ga damina ta matso. In ruwan fari ya sauka a wannan baƙar ƙasa ta bayan Singa, babu motar da za ta shiga ko ta fita sai ta sha iska. Ubanka kuwa ya ce ba zai hau mota ba, gara ya mutu a kan tabarmarsa. Ni ya kamata in je, amma gwiwoyin nan ko bakin ƙofa ba sa kai ni sai da sanda. Shi ya sa abin ya faɗo kanka. Ka je, ka ɗauko shi, ka dawo da shi kafin hanya ta rufe. Aikin ke nan, ba wani.

Ka bi hanyar nan sau uku tare da ni, amma barci kake yi da baki buɗe, ni ke riƙe da komai. Wannan karon ba kafaɗar da za ka zuba wa miyau. To buɗe kunnenka in gaya maka yadda na taɓa bin ta na yi ɓarna, don kada ka taka inda na taka.

An gaya maka kasha ce ta ɗauke ubanka ranar da muke hanyar zuwa sunanka. Gaskiya ne, amma rabi aka gaya maka. Sauran rabin yana wurina.

A shekarun nan, ka ji ana faɗa, sojoji kan tare mota a hanya su sauke samari su loda su a lori, a kai su sansani a aske musu kai, daga nan sai Kudu, bakin daga. Ita ce kasha. Ubanka bai kamata ta shafe shi ba. Kakanka ya riga ya rasu, shi kaɗai ne namiji gare ni, kuma an ɗaga wa irinsa ƙafa. Ya yi ta zirya daga wannan ofis zuwa wancan har takalminsa ya cinye, kafin ya samu takarda mai hatimi, da sunansa da nawa a jiki. Uwarka a lokacin ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari kamar yadda ake yi, sai ga saƙo ya zo an samu namiji. Kai ne, ba wani abin kirki ba. Muka ɗaura niyya, ni da shi da Hansai ƙanwar kakanka, da waɗansu mata huɗu na dangin kakan naka.

Da sassafe a tasha na ga takardar a aljihun gaban rigarsa, zufa ta fara jiƙa gefenta. Na ce ya miƙo nan, tun yana yaro ba abin da ba ya yarwa. Ya ce in bar masa. Na ce wa ya fi wani sanin ajiya? Na karɓe, na naɗe ta cikin 'yan rigunan da na ɗinka maka, na sa a akwatin ƙarfe na datse da kwaɗo. Akwatin ya hau saman bas, aka ɗora buhuna a kansa, aka rufe da tamfol, aka ɗaure da igiya sama da ƙasa. A can saman aka ɗaure ragon suna. Kowa ya ce mini rago ya fi araha a ƙauye, ana kai wa Hartum ne ba a kaiwa daga Hartum. Na ce wannan ni na yi kiwonsa da ragowar tuwona, shi za a yanka wa jikana. Kafin mu bar gari ya tsula fitsari ta taga a kan rawanin wani attajiri, muka yi ta danne dariya da mayafi. Ina jin ita ce dariyar ƙarshe da na yi a shekarar.

Saboda haka, maigida, takarda a jiki take kwana. Ba a jaka ba, ba a akwati ba, ba a hannun wanda ya fi ka hankali ba. Katinka na makaranta da na shaidar ɗan ƙasa ka sa su a leda, ka sa a aljihun ciki, ka maƙale bakin da fil. Da ka isa, kafin ka sha ruwa, ka ce wa uwarka ta ciro takardar sallamar ubanka daga soja, da wadda mai ɗakin magani ya rubuta. Su ma jikinka. Ko ni na fito daga bayan bishiya na ce ka ba ni in ajiye maka, ka ce, da Larabcin nan da kuke kiran kaka da shi, habboba ki yi haƙuri.

Mun wuce Madani rana ta take. Kowa ya yi laushi, yara sun yi barci. Sai na ji direba ya kashe rediyo. Wannan shi ne alama, ka riƙe. In direba ya kashe rediyo ba tare da an roƙe shi ba, to gyara zamanka. Na leƙa na ga ganguna biyu da igiya a tsakani, ga wata bishiya, a ƙarƙashinta lori, a cikin lorin samari zaune sun dafe kai. Wani soja ya shigo ya ce duk saurayi ya sauka. Suka sauka su biyar ko shida, har da ubanka. Ban ji tsoro sosai ba, na ce ai muna da takarda.

Ta taga ina ganinsu a jere. Babbansu yana bin su ɗaya ɗaya da littafi a hannu yana rubuta suna. Ba mugun mutum ba ne a fuska, kada ka zaci dodo. Matashi ne siriri, mura na damunsa, yana ta share hanci da hankici. Da ya zo kan ubanka suka ɗan yi magana, sai na ga ubanka ya juyo ya nuna tagata da hannu. Na ji shi sarai, da Larabci ya ce waccan ce uwata, ni kaɗai gare ta, takardata tana wurinta.

Muzammil, ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Ka san al'adarmu, ko da yake ku 'yan yanzu kun mai da ita abin dariya. Ɗan fari ba a nuna shi. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, in an ce ɗanki ne sai ki sunkuyar da kai ki ce na wance ne. Ubanka tun da aka yaye shi Hansai ta ɗauke shi, a ɗakinta ya yi wayo, ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya. Ga shi kuma sunan surukina aka sa masa, uban kakanka, sunan da ban taɓa ɗora wa harshena ba tun da aka kawo ni gidan. Malam Ƙarami muke ce masa. Shekara ashirin da wani abu ina haka, kuma ana yabona a kai. Ana cewa a dangin nan babu mai kunyar Kulu.

Mutumin ya hawo bas ɗin, ya tako har inda nake. Matan dangin kakanka duk suka zuba mini ido. Ya ce, “Hajja, wancan ɗanki ne?”

Na ja mayafi na rufe baki, na nuna da haɓa, na ce, “Ɗan Hansai ne.”

Wallahi ban yi tunani ba. Bakina ne ya yi abin da ya saba, kamar yadda hannu ke kai loma. Ya juya wurin Hansai ya tambaye ta 'ya'ya maza nawa gare ta. Baiwar Allah, ba ta taɓa ƙarya ba ko a wasa, kuma ba ta gane inda maganar ta dosa ba. Ta ce biyar, alhamdulillahi. Ya gyaɗa kai ya juya zai fita.

A nan ne hankalina ya dawo jikina. Na miƙe har kaina ya bugi ƙarfen kaya, na ce a'a, ni na haife shi, ni ce uwarsa. Ya tsaya ya dube ni, ya ce to yanzu kuma ke ce? Ya buɗe littafinsa ya ce in faɗi sunansa. Ga sunan a bakina, ina jin nauyinsa. Na buɗe baki, sai na ji na ce Malam Ƙarami. Ya duba abin da ya rubuta, ya sake dubana. Ya ce uwar da ba ta san sunan ɗanta ba, shi bai taɓa gani ba. Ya ce ina takardar? Na nuna sama. Direba ya ce kafin a kwance wannan kaya a sake ɗaurewa la'asar ta yi, ga motoci sun yi layi a bayanmu. Fasinjoji suka fara gunaguni, kowa na so a bar wurin kafin a waiwayo kan nasa. Mutumin ya share hancinsa, ya ce in da takarda a kawo ta sansani, ba wanda zai hana. Ya sauka ya bugi gefen bas da tafin hannu.

Duka abin bai kai a sha shayi kofi ɗaya ba.

Ubanka bai yi gardama ba, bai ɗaga murya ba. Da motar ta fara motsi ya matso kusa da tagata, ya ce, “Yaya, ku gaishe da mai jego.” Sai aka tura shi wajen lorin.

To ka ji. A shinge ba a kunya, ba a kara, ba a wasa. Wanda ke tambayarka bai san al'adar gidanku ba, kuma ba ya so ya sani. Abin da ka faɗa da farko shi ne gaskiya a wurinsa, na biyu ƙarya ne ko da ka rantse da Alƙur'ani. In an ce wane ne wannan, ka ce ubana ne, ka faɗi sunansa cikakke yadda yake a takarda, da ƙarfi, ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Ku 'yan makaranta kun saba, kullum ana kiran sunanku haɗe da na uba, wannan kam kun fi mu. In an tambayi ƙabila ka ce Bahaushe, haifaffen nan, kakana a Jazira ya yi noman auduga. Ka tsaya nan. Kada ka ɗauko labarin kakan kakanka da ya taso daga Kano da ƙafa zai tafi Makka, ba hira aka kira ka ba. Abin da ba a tambaye ka ba ka bar shi a ciki. Wannan bakin naka mai ba'a, wanda ka gada ban san daga wa ba, ka naɗe shi ka sa a aljihu tare da katin.

Kuskurena na gaba ya fi wannan ciwo, don shi da hankalina na yi shi. Ban sauka ba. Da na tsaya a ƙofar bas ɗin na ce ba inda za a je sai an sauke mini akwatina, da an zage ni, amma da an sauke. Da na zauna a gindin bishiyar nan na fasa kwaɗon da dutse na miƙa takardar tun lorin bai tashi ba. Sai na koma kujerata na zauna kamar an dasa ni. Na ce a raina ni mace ce, me na sani, bari mu isa ƙauye maza su san abin yi. Hansai na kuka, ni ko hawaye ban yi ba, don kukan ma kunya ne a gaban dangin miji. Rago yana ta kuka a samanmu har Sinnar.

Kai dai, in aka sauke ɗayanku, ku biyu kuka sauka. Kaya su tafi, kujera ta tafi, kuɗin mota ya tafi. Kada ka yarda a ce maka ka wuce zai biyo ka a motar baya. Babu motar baya. Ka tsaya inda idonsa zai riƙa ganinka, da ladabi, hannunka a fili, ka yi ta maimaita cewa mara lafiya ne, asibiti za ku, ga takarda.

Yanzu hanyar kanta. Bas zai ajiye ka Singa wajen la'asar in Allah ya so. Kada ka zauna cin kifi a bakin tasha, na san cikinka. Ka wuce kai tsaye inda boksi ke lodi, waɗannan ƙananan motocin masu buɗaɗɗen baya. Ka tambayi mai zuwa mashigar Hillat Bako. Ba sa tashi sai sun cika har wani na rataye, to ka haƙura, amma in ka ga guda biyu ka zaɓi wadda tayoyinta ke da sauran zane, ko da direbanta ya fi muni. Daga nan ba kwalta, sai baƙar ƙasa mai tsagewa, ka riƙe ƙarfe da hannu biyu. A bakin kogi akwai jirgin kwale-kwale. Ba ya ƙetarawa bayan magariba ko wa ya zo, saboda haka duk abin da zai sa ka makara ka bar shi. Tun kana cikin boksin ka yi magana da direban, ka ce gobe da hantsi kana da mara lafiya, kana son kujerar gaba, ka karɓi lambarsa. Mai jirgin ma ka gaya masa tun a ranar. Su biyun nan su ne hanyarka ta dawowa, ka girmama su fiye da yadda kake girmama ni.

Mu a ranar mun ƙetara rana na faɗuwa. Aka taryo mu da guɗa, sai aka ga babu ango. Na ba da labari, amma na tsallake abin da na faɗa. Na ce an tambayi Hansai ta ce 'ya'yanta biyar. Maza suka taru suka ce ba komai, tunda akwai takarda, a bari a yi suna jibi, washegari su raka ni sansanin. Na ce ni gobe zan koma. Mata suka taso mini, wai kakar jariri ta wajen uba ta tafi kafin suna, me za a ce? Wa zai karɓi jaririn in an raɗa masa suna? Uwarka tana kwance tana kallon bango. Na sake jin kunya, na zauna.

Washegari na ga hadari ya leƙo ta gabas ya koma. Na gani da idona, kuma na san abin da yake nufi, ni da na tashi a gona. Ranar suna aka yanka ragon, aka ce Muzammil, aka miƙo mini kai, baƙi ƙirin da kai kamar tulu, kana ta neman nono ba ruwanka da kowa. Kafin a gama rabon nama sama ta buɗe. Ka san ƙasar can. In ta sha ruwa takan kama ƙafa kamar mai bin bashin gaba, takalmi ya zauna a ciki kai ka fito. Kwana biyar ba abin da ya motsa. Ina zaune a bakin bukka da takardar a cikin zanena, ina kallon taɓo. A rana ta shida na bi wata tarakta, inda ta kafe mu sauka mu tura, inda ta ƙi mu taka. Na isa Singa ba takalmi.

Da na kai shingen, waɗansu sojoji ne daban, ba wanda ya san mai mura. Suka kwatanta mini sansanin. A bakin ƙofa na ɗaga takardar sama da hannu biyu kamar mai tallan ta. Mai gadin ya karanta, ya ce takarda ce mai kyau, da an kawo ta shekaranjiya. An kwashe su. Ina? Bai sani ba, ko ya sani bai faɗa ba.

Shekara biyu da watanni ba mu ji ɗuriyarsa ba. Sauran ka sani. Ya dawo kunne ɗaya ba ya ji, ba ya son a rufe ƙofa, ba ya son jin ƙarar lori. Ya sauka ƙauye wurin uwarka, bai ƙara taka kwalta ba.

Saboda haka kwana ɗaya za ka yi, ɗaya tak. Uwarka za ta ce ka huta, ta yanka maka kaza. Gwaggwanninka za su turo 'yan mata su kawo maka ruwa ɗaya bayan ɗaya, kai kuma da ganin ido sai ka manta kana da mata a Alsawra. Dattawa za su ce a bari bayan Juma'a, a yi masa rubutu tukuna, a jira wane ya dawo daga kasuwa. Duk masu ƙaunarka ne, kuma duk za su sa ka makara. Ka gaishe su da kyau, ka ce habboba ta ce a'a, ka ɗora mini laifin, na saba ɗauka. Da asuba ka fita ka dubi gabas. Ko sama tana fes kamar an wanke, ku tashi. A sa masa katifa a amalanken jaki zuwa bakin kogi, a jingina shi da matashi, kada a kwantar da shi. A jirgi ka zaunar da shi tsakiya. In hadari ya haɗo kuna hanya, kada ku juya, gaba ta fi kusa da kwalta.

Dawowar ta fi tafiyar wuya, kada in ɓoye maka. Tun da aka sake jin harbi ta wajen Damazin shingaye sun ƙaru, kuma wanda ya fito daga wancan gefen an fi ƙare masa kallo. A bas ka sa shi jikin taga, kai ka zauna ta bakin hanya, duk mai son yi masa magana sai ya bi ta kanka. Kunnensa na hagu ne mai ji, ka zauna ta nan. Uwarka ta ce in ya ga kaki, wani lokaci yakan miƙe tsaye ba tare da an ce ya miƙe ba. Wannan ne abin da nake tsoro fiye da komai, don mutumin da ya miƙe yana rawar jiki a shinge kamar mai laifi yake. Da ka ji an kashe rediyo ka ɗora hannunka a gwiwarsa, ka yi ta yi masa magana a hankali, kowace iri, ta gona, ta riɗi, ta farashin dawa. Ka ciro takardun tun kafin a iso kanku. Ka riga shi magana. In sun ce ya sauka ka nuna musu ƙafafunsa, ka ɗaga rigar su gani da idonsu. Ba lokacin sutura ba ne.

Ka kira ni in kun hau kwalta, ka kira ni in kun wuce Madani. Kada ka yi dogon bayani, ka ce mun sha ruwa, zan gane.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na ce kada kowa ya karanta maka. Hansai ta rasu mutane na cewa bakinta ne ya jawo, ita da ba ta iya ƙarya ba. Tana ji, ba ta taɓa buɗe baki ta ce ga wadda ta fara ba. Matan nan huɗu ma sun rufa mini asiri har suka bi ta. Ni kuma na bari. Duk zuwan da na yi ƙauyen nan, ubanka kan zo ya durƙusa daga nesa ya ce Yaya an zo lafiya, in ce lafiya, ya gona? Ya ce alhamdulillahi. Shi ke nan hirarmu, shekara da shekaru. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Ina cewa kunya ce. Yanzu da na tsufa na zauna na duba, ba kunya ba ce, tsoro ne. Kai in ka yi wa mutum laifi ka faɗa masa tun bakinka na iya motsi, kada ka jira sai ka nemi jika ya kai maka a takarda.

Na san zai ƙi. Zai ce maka jikin da sauƙi, zai ce bayan damina. Mai yiwuwa ya yarda a gida, in an kai bakin kogi ya hango mota a ƙetare ya ce a mai da shi. Kada ka yi masa faɗa, kada ka yi kuka, kada ka tara masa mutane. Ka kore kowa, ka zauna ta gefen kunnensa mai ji, ka ninke takardar nan yadda layukan ƙasa kaɗai za su fito, ka ba shi. Ya fi ka iya ajami nesa ba kusa ba. Ka kau da kai har ya gama.

Idrisu. Idrisu ɗana. Ni Hauwa'u ni na haife ka, ba Hansai ba, ba kowa ba. An tambaye ni ranar nan na ƙi faɗa, ka yafe mini. Na faɗi sunan nan da bakina yau a tsakar gida, maƙwabta sun ji. Ka hau motar. Duk shingen da aka tsayar da ku, yaron nan zai faɗi ko kai wane ne, in kun iso tasha kuma ni zan faɗa. Za ku tarar da ni zaune a bakin ƙofar da bas ke shigowa, ko da ɗaukata za a yi a kai ni.

Allah ya buɗe muku hanya, ya riƙe ruwan sama har ku hau kwalta, ya rufe idon mai sharri, ya sanyaya zuciyar duk wanda zai tsayar da ku. Allah ya kai ka lafiya, Muzammil, ya dawo mini da ku ku biyu. Ka gaishe da Rakiya, ka ce na gode mata.

Kakarka,
Kulu